KAN DAMARIS YA KOYO WANI YARE

Shafi na 23

Masu cewa na yar da Damaris a Legas na manta da ita, ga ta nan na dawo muku da ita, ku sarara min haka. Anti Edith ta Sabon Tasha, ke da kika rantse za ki fita daga gurup in aka taɓa Mama Asabe, ajiye jakarki ki zauna tukuna.

*

Tun daga kan kwanar layinsu Damaris ta hango motar.

A-kori-kura ce, an juyo da bayanta har bakin ƙofar gidansu, an lafta mata kaya. Ga katifar mamanta an naɗe da igiya, ga akwatin ƙarfen nan mai zanen fure, ga keken ɗinki, ga turmi an kife shi a can sama.

Ta taɓa kafaɗar ɗan acaɓa.

"Ts-tsaya nan."

Ta diro cikin jan taɓon Narayi da takalminta na Turai, ba ta ma lura ba. Bangon da ta bari da siminti tsura yau ya sha fenti har yana ƙyalli. An kafa rumfa, ana jera kujerun roba. A saman ƙofar da marigayi babanta Matthew ya kafa da hannunsa an rataye allo:

OFISHIN MAI GIRMA KANSILA
ONARABUL BENSON FILIBUS

Soja sun koma bariki a watan jiya, gari ya yi ta murna. Sai dai ba wanda ya gaya wa mutanen Narayi cewa farar hula ma sun iya shiga gidan mutum ba sallama.

Mama Asabe na zaune a gaban motar kusa da direba. Ta ɗaura zanen Zumuntar Mata, ta rungume tulun da take kaɗa musu a coci. Shi kaɗai ta hana a ɗora a baya.

"Mama!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Mama, ina z-za ki?"

"Inda kika tura ni."

Nan take Damaris ta tuna. Ranar da ta sauka ƙasar nan ta lura mamanta na amsa mata magana a daƙile, ta ɗauka gajiyar girkin tarba ce. Washegari ta wuce Legas karɓo kayanta da yi wa takardarta ta harhaɗa magunguna rajista, ba su samu sun zauna ba.

"Ni na t-tura ki? Ina?"

"Au, tambaya ma kike yi?"

Anti Dorcas ce, maƙwabciyarsu kuma ƙawar mamanta a Zumunta. Ta fito daga gidan ɗauke da kwandon kwanoni, idanunta jawur, ta dire shi a ƙasa har murafe suka yi ƙara.

"Ke Damaris, ki ji tsoron Allah! Shekara shida matar nan tana durƙuso tana kai sunanki gaban Ubangiji. Babanki ya rasu kina can, ita kaɗai ta yi kukan ku biyu. Ki dawo da digiri, aikinki na farko shi ne ki sa hannu a kwashe ta a kai ƙauye?"

"Ban sa h-hannu a komai ba, Anti."

"Ai ba hannu kika sa ba, kai kika sa! Ranar da kika sauka, a falon Baba Filibus a Barnawa, dangi cike har waje. Ya ce tunda Ubangiji ya kira ƙaninsa, Asabe ta koma gida ta huta, ɗansa Benson ya riƙe gidan nan ya yi ofis. Ya juyo ya ce, Damaris, kin yarda? Me kika yi?"

"Na ƙi."

"Kika me?"

"Na ƙi, Anti. A gaban kowa."

"Yesu Almasihu! Da idona na ga kin gyaɗa kai. Ba sau ɗaya ba ma, da ƙarfi, kamar ƙadangare a kan katanga!"

Damaris ta saki ƙofar motar. A hankali hannunta ya tafi wuyanta.

Wayyo. Ashe abin da ya faru ke nan.

Ku da kuka raka ta Bulgeriya kun riga kun gane. Wanda bai sani ba ya sani yau: a ƙasar can in mutum ya gyaɗa kai, a'a yake nufi, in ya girgiza shi, shi ne eh. Wuyan Damaris ya yi ta wannan aikin har ya zame masa jiki, ya biyo ta cikin jirgi ba ta sani ba.

Ranar nan a Barnawa takaici ne ya hana maganar fitowa. Ta dubi Baba Filibus ido cikin ido, ta ba shi a'ar da ta fi kowace ƙarfi a rayuwarta. Da mata suka rangaɗa guɗa, baiwar Allah ta ɗauka shinkafa ce ta iso. Har Legas ta tafi tana yaba wa kanta, wai yau ta taka wa Baba Filibus birki.

Dariya da kuka suka taso mata lokaci guda. Ta haɗiye duka biyun, ta dafa ƙofar motar.

"Mama, sauko."

"Bar ni, Damaris. Ban riƙe ki a zuciya ba. Kin yi karatu, kin fi ni sanin abin da ya dace."

Da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Ta zagaya wajen direban, Sani, ɗan unguwarsu ne.

"K-kashe motar."

"Anti, Onarabul ya ce in kama hanya kafin manyan baƙi su iso, kar su tarar da tarkace a ƙofa."

"Tarkace."

"Ba ni na faɗa ba, shi ya..."

"Kashe."

Ya kashe.

"Wa ya ce a kashe mota?"

Baba Filibus ne ya fito daga falon ƙaninsa, yana dogara sandar nan tasa da ba don ƙafa yake riƙe ta ba, don nuna mutane. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya mayar da dangi ma'aikatarsa. Bayansa Benson ne cikin babbar riga da ta sha sitaci har tana ƙara, mutumin da bara warhaka yake maƙale a ƙofar bas yana ihun "Sabo! Kasuwa!" Na ukunsu Fasto Haruna, wanda aka gayyato ya sa wa ofis albarka, da Littafi a hammata.

Benson ya ware hannuwa.

"A'a, Dadada! Welkom, welkom! Kin zo a daidai. Yau ake buɗe ofis, ciyaman na jam'iyya da kansa yana hanya."

Dadada.

Tun tana aji ɗaya sunan ya bi ta. Malama ta ce yaya sunanki, ta ce "Da-da-da..." ajin ya fashe da dariya. A gida kuwa ba dariya ake mata ba, taimako ake mata, wanda ya fi dariyar muni: da ta fara magana wani zai ƙarasa mata, ya ƙarasa da abin da shi yake so. Sai ta naɗe bakinta ta ajiye, ta bar kai yana magana. Shi kuma kan abu ɗaya ya iya, don in ka girgiza kai za a ce me ya sa, in ka gyaɗa ba mai tambayarka. Babanta kaɗai ne in ta fara magana yake rage muryar rediyo, ya harɗe hannu, ya jira ta kai ƙarshe.

Ta ɗan rusuna.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Yaya hanya?"

"Lafiya. Baba, maganar g-gidan nan, ni ban..."

"Ba ki da matsala, mun sani. Yarinyar kirki."

"Ban..."

"Ba ki so a yi ta jan zance. Haka ne. Sani, tayar da mota."

"Baba."

Ta ja numfashi, ta buga yatsa a cinyarta yadda ta saba yi in kalma ta tsaya mata a wuya.

"Ban g-gama ba."

Masu jera kujeru suka tsaya da kujeru a hannu.

Baba Filibus ya karkato kunne kamar bai ji daidai ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ban gama m-maganata ba. In na gama, sai ku amsa."

Benson ya tuntsire da dariya.

"Kai, Baba, kar ka biye mata! In muka tsaya jiran Dadada ta gama magana ɗaya, ciyaman zai zo ya tafi, har wa'adina ya ƙare a sake zaɓe!"

Wasu suka taya shi. Damaris ɗin da suka sani da yanzu ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Wannan ta tsaya, ta harɗe hannu irin na babanta, ta bar dariyar ta yi tafiyarta har ta gaji ta mutu da kanta.

"Ka gama, Broda Benson? Na j-jira ka. Saura kai."

Ta juya ga Baba Filibus.

"Ban yarda Mama ta b-bar gidan nan ba. Ranar nan ban yarda ba, yau ma ban yarda ba."

"Ke! Ni za ki mayar maƙaryaci? Falona cike da mutane kika gyaɗa kai!"

"Na gyaɗa, Baba. A inda na fito, wannan a'a ne."

Wuri ya kaure.

"Wace irin ƙasa ce wannan?"

"Wato kawunansu a juye aka ɗora musu?"

"Tatsuniya!" in ji Benson. "Baba, wayo ne. Wani ne ya zuga ta a Legas. Ina aka taɓa yin haka a duniya?"

Damaris ba ta kula shi ba. Fasto ta duba.

"Fasto, ku ba ni izini in ba da sh-shaida. Kun san ban taɓa bayarwa a coci ba."

Fasto Haruna ya gyara riƙon Littafinsa. Shi ya yi mata baftisma, kafin yau bai taɓa jin ta haɗa kalma biyar a jere ba.

"Muna ji, 'yata."

"Da na isa can, a ɗakin cin abincin makaranta akwai wata mai rabo, Baba Penka. A can ts-tsohuwa mace ake ce wa baba."

Wani ya yi "ƙit" a ƙarƙashin rumfa. Baba Filibus ya nemo shi da sanda bai gan shi ba.

"Ta ɗago ludayi ta tambaye ni da yarensu. Na yi abin da na saba yi a gidan nan, na gyaɗa kai. Ta wuce ni. Miya, na gyaɗa, ta wuce. Nama, na gyaɗa, ta wuce. Na koma ɗaki da b-burodi tsura. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ce shi ke nan, don ni baƙa ce. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga yunwa. Na rame har siket yana zame min. Kullum ina cikin bargo ina roƙon Allah ya mayar da ni Narayi, ko ba digirin."

Mama Asabe ta juyo. Karo na farko ke nan da ta dube ta.

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Da wane b-baki, Mama?"

Mama Asabe ta ƙara matse tulunta.

"Rannan jiri ya kwashe ni a kan layi. Na farfaɗo na ga tsohuwar a kaina tana faɗa tana hawaye. Ashe ita kuma ta ɗauka ƙyamar abincinta nake yi. Ta nuna ƙirjinta ta ce Penka, ta nuna ni. Na ce Da-da-da..."

Ta yi murmushi.

"Sai ta daka tsalle ta cika min kwano har yana zuba. A yarensu, 'da' shi ne eh."

Dariya ta sake tashi, amma ba irin ta ɗazu ba ce. Anti Dorcas na dariya tana share ido da bakin zane.

"Sunan da kuke min d-dariya da shi, Broda Benson, shi ya fara ciyar da ni a ƙasar mutane."

Benson ya duba agogonsa.

"Daga ranar ta daina duban kaina. In ina son miya, in faɗa. Layi ya yi tsawo a bayana har waje, ta riƙe ludayi ta jira ni. Duk wanda ya yi tsaki ta nuna shi da ludayin, ya shiga taitayinsa. Da na iya eh, sai ta ce saura ɗaya, wadda ta fi wuya. Suna da wata miyar t-tumbi da madara..."

"Tumbi da madara?" in ji Anti Dorcas. "Allah ya kiyaye!"

"Ta san na tsane ta. Kullum ita take fara zuba min. In ban ce a'a da bakina ba, sai na shanye. Anti, na sha miyar nan har na gode Allah."

"Wayyo 'yata!"

"Jarrabawarsu kuma da baki ake yi, ki tsaya gaban farfesa ki yi bayani. Ta farko na f-faɗi. Ta biyu na faɗi. Na haɗa akwati zan gudo, na tuna ban san hanyar filin jirgi ba, sai na tambaya, tambayar ma da baki ce. Na kwance akwatin."

Muryarta ta yi ƙasa.

"Makon da aka bugo waya aka ce babana ya rasu har an binne shi, makon na shiga babbar jarrabawa. Na tsaya, kalma ta maƙale, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai na ga kamar ga shi can a kujerar baya ya rage muryar rediyo. Na ja numfashi na ci gaba. Na ci."

Ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"In'inata ba ta warke ba, kuna dai ji. K-kunyarta ce ta warke."

 Matan layin da suka fito kallon buɗe ofis sun matso har bakin motar.

Amma Baba Filibus ba a banza ya tsufa a ofis ba. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya yi murmushin da ya saba yi wa masu neman ƙarin girma.

"Labari mai daɗi. Har ni na ji tausayi. Amma 'yata, nan Kaduna muke, ba Bulgeriya ba. A nan gyaɗa kai eh ne, tun kakanninmu. Matthew ya ce kada a taɓa gidan nan sai da yardarki. An tambaye ki a gaban dangi, kin bayar da yaren da dangi suke ji. In kowa zai riƙa dawowa yana cewa kaina wani yare yake yi, wace magana za ta zauna? An yi fenti, an gayyaci manya. Magana ta ƙare."

Damaris ta san maganar tasa tana da kama. Har ta ga wasu dattawa biyu a ƙarƙashin rumfa suna gyaɗa kai, kuma nasu na gida ne.

Fasto Haruna ya yi gyaran murya.

"Baba Filibus, a yi min haƙuri. Ba haka Matthew ya ce ba."

"Fasto, addu'a muka kira ka."

"Ita zan yi, amma bari mu gyara wannan tukuna. Ni ba na Barnawa ranar, ina Jos wurin taro. Da aka ce min Damaris ta yarda, na ɗauka magana ta yi, har na ce Haleluya. Amma a asibiti, ranar da Matthew zai cika, ina nan, kai ma kana nan, Dorcas ma tana bakin ƙofa. Cewa ya yi, kada a taɓa gidan nan, kada a ɗaga Asabe, sai Damaris ta ce eh da bakinta."

"Haka ne!" Anti Dorcas ta dafe ƙirji. "Da bakinta! Kai, ni ma ina hankalina ya tafi?"

"Kai da baki ai duk ɗaya ne a wurin yarinyar nan!" in ji Baba Filibus.

"Ni ma abin da na zata ke nan. Har na sunkuya na ce masa, Matthew, da bakinta fa ka ce? Damaris ɗin? Ya yi murmushi da ɗan ƙarfin da ya rage masa."

Fasto ya dubi Damaris.

"Ya ce, Fasto, ku dai ku jira ta."

Nan fa abin da ta haɗiye tun ɗazu ya ƙwace. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta zuba masa ƙasa ba, ta daɗe tana jin kamar ta yi masa laifin da ba ranar gyarawa. Ashe shi ya tafi ya bar mata kujera a gaban dangi, da tabbacin za ta dawo ta zauna a kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Daɗi take ji da kewa, duka a cakuɗe.

"To ga shi mun jira," in ji Fasto. "Damaris 'yar Matthew, ina tambayarki a gaban Allah da jama'a. Kin yarda mamanki ta bar gidan nan?"

Ta buɗe baki.

"A..."

Ta tsaya.

Kalmar ta maƙale. Ba irin maƙalewar ɗazu ba, irin babbar nan mai sa jijiyar wuya ta tashi, leɓe ya yi ta rawa. Ta buga yatsa a cinya. Ba ta fito ba.

"A..."

Baba Filibus ya ga ƙofa ta buɗe masa.

"Kun ji ko? Amin za ta ce, wato ta..."

Anti Dorcas ta sunkuya cikin kwandon kwanoni, ta zaro ludayin miyar Mama Asabe, ta nuna shi da shi.



Bakin Baba Filibus ya tsaya a buɗe.

Damaris ta ga ludayin, dariya ta kusa kama ta, sai maƙogwaron ya saki.

"A'a."

Ta sake, don na bayan rumfa su ji.

"A'a, Fasto. Ban yarda ba."

Kafin mata su ɗauki guɗa Baba Filibus ya ɗaga sanda. Saura masa harsashi ɗaya, kuma ya san inda zai harba. Ya taka har ƙofar motar, ya sassauta murya.

"Asabe, ke ba yarinya ba ce. Tun da kika shigo gidanmu ban taɓa faɗa kin musa ba. Ke da hannunki kika haɗa kayanki. In ke kika ce za ki tafi, ba mai hana ki, ko 'yarki. Za ki bi maganata ki tafi gida, ko?"

Gaskiya ya faɗa. Mama Asabe ba ta da in'ina, amma ita ma da kai ta yi zaman aurenta a cikin dangin nan. A wurinta Damaris ta gaji abin.

Ta dubi yayan mijinta. Ta dubi allon da ke saman ƙofa. Ta dubi 'yarta, ta daɗe tana dubanta.

Sai ta gyaɗa kai.

A hankali, sau biyu.

"Kun gani!" Baba Filibus ya juyo yana haki. "Kun gani da idonku! Sani, tayar!"

Ludayin ya sauka a hannun Anti Dorcas. Benson ya gyara wuyan rigarsa.

Damaris ta matso kusa da motar. Sai ta lura da gefen bakin mamanta yana motsi.

"Mama... w-wanne ne wannan? Na gida, ko..."

Mama Asabe ta tura ƙofar motar, ta sako ƙafa cikin taɓo, tulu a ƙugu.

"Na Bulgeriya ne."

Ta ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ta ɗaga ba sai a waƙa.

"Sani, sauke min turmina!"

Ayyiriri! Guɗar ta tashi har tsuntsayen kan mangwaro suka watse. Anti Dorcas ta yi sama da ludayi tana juyi tana ihun "An soke zaɓe! An soke zaɓe!" Mama Asabe ta zauna a kan kujerar roba ta gaba, wadda aka ɗaura wa kyalle don babban baƙo, ta kafa tulu tsakanin gwiwoyi ta fara kaɗawa. Matan Zumunta suka ɗauki waƙar godiya. Katifa ta sauko, keken ɗinki ya sauko, masu jera kujerun Onarabul su ne suka kama akwatin ƙarfe suka yi cikin gida da shi.

Damaris ta durƙusa ta kifa kai a cinyar mamanta. Mama Asabe ta dafa kan da hannu ɗaya, ɗayan yana kan tulu.

"Wannan kan naki," ta ce tana dariya tana hawaye, "saura kaɗan ya kai ni ƙauye."

Ana cikin haka aka ji hon daga kan kwana.

Ba na mota ɗaya ba.

'Yan acaɓa ne a gaba suna wasa da babura, bayansu motoci a jere da tutocin jam'iyya, suna ratsa taɓo a hankali. Kiɗan tulu ya tsaya.

Sitacin rigar Benson kamar an jiƙa shi. Ya dubi allonsa, ya dubi turmin da ke tsakiyar rumfa, ya matso yana murza hannu.

"Damaris... Sista Damaris. Don Allah, ko na yau kaɗai. A yanka kyalle, a ɗauki hoto, gobe in cire allon da kaina. Me zan ce wa mutumin nan?"

Tun tana aji ɗaya bai taɓa kiran sunanta cikakke ba sai yau.

Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta taka ta tsaya a bakin ƙofar babanta, daidai ƙarƙashin allon.

Baƙar motar tsakiya ta tsaya. Aka ruga aka buɗe. Wani ƙaton mutum ya fito yana tattare hannun riga, ya dubi turmi, ya dubi matar da ke kan kujerarsa da tulu, ya dubi budurwar da ta tare ƙofa da takalmi duk taɓo.

"Benson, me nake gani haka? Wace ce wannan?"

Benson ya yi gaba da sauri.

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ce, ba ta iya mag..."

Damaris ta ɗaga hannu ɗaya. Ya yi shiru.

Ta ja numfashi, ta dubi ciyaman ido cikin ido.

"Sunana Da..."

Kalmar ta tsaya.

Layin gaba ɗaya, har Baba Filibus da sandarsa, aka yi tsit ana jiran ta.